Taragu Tara

Shekara talatin da ɗaya mahaifina Hartmut
yana haɗa taragun kaya a filin jirage na Maschen,
fitila a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu.
Da ya ajiye aiki bai kama lambu ba kamar maƙwabcinmu Detlef.
Ƙamus ya sayo, na harshen da babu ƙasar da ta haife shi,
harshen Klingon, wanda aka zauna aka ƙera da gangan.
Mahaifiyata ta ce a ƙyale shi,
hannun da ya saba haɗawa ba ya iya zama.

Wiebke, ya ce, aikatau jirgi ne.
A gaba akwai kai, shi ke faɗin wa ya yi, wa aka yi wa.
qa: daga ni zuwa gare ki.
cho: daga ke zuwa gare ni.
legh shi ne gani. qalegh, na gan ki, ina ganinki,
ba ruwansa da jiya ko gobe.
A baya kuma taragu, aji tara, kowa da lambarsa.
Ba dole su zo duka ba,
amma wanda ya zo ya san wurin tsayuwarsa:
na bakwai ba ya shan gaban na biyar
ko da gari zai waye a kansu.
Ina wanke kwanuka, ina cewa to, to,
da kunne ɗaya.

Ya fi son be', ɗan yawo mara lamba,
wanda duk abin da ya tsaya a bayansa ya ƙaryata shi.
Ya kuma rage murya ya ce vIp tsoro ne,
kuma a wurin masu harshen, waɗanda ba a taɓa haifa ba,
abin kunya ne mutum ya rataya wa kansa shi.

Yanzu yana Winsen, ɗaki na goma sha huɗu,
tagarsa na kallon wurin ajiye motoci.
Yana kirana Annegret, sunan yayarsa
da ta rasu tun ban iya tafiya ba.
Na ɗauko littafinsa mai tabon kofi, na fara da kunne biyu.

lIj, mantuwa.
A aji na bakwai na daɗe a tsaye.
pu': abu ya faru, ya ƙare.
ta': an nufa, an yi, an cim ma.
cholIjpu', Baba, ka manta ni.
Ba ta' ba ne. Na duba sau uku don in tabbata.
Akwai kuma taH, tafiyar da ba a faɗi ƙarshenta ba,
da lI', tafiyar da ta san tasharta.
Likita Oltmanns da lI' yake magana, a hankali, a bakin ƙofa.
Ni ina kan kujerar roba, ina riƙe da taH.

Ran Lahadi a jirgi, muna wuce filin Maschen cikin yayyafi,
na rubuta qaleghvIp, ina tsoron ganinka.
Kunya ta kama ni, na nemi ɗan yawo.
Na sa shi a ƙarshe: ba na tsoron ganinka.
Na matso da shi gaba: ina tsoron rashin ganinka.
Na rasa na gogewa.

A ƙasa na ƙara ɗaya, ina bukatar in sake ganinka,
qa' na maimaici, nIS na bukata,
na jera su yadda suka zo mini.

Ya karɓi takardar, ya nisanta ta da idonsa.
Miya ta huce a gabansa.
Can ya miƙo hannu, na ba shi fensir.
Wa ya haɗa wannan jirgin? ya ce.
Na biyu kafin na uku, yarinya, so kike ya kauce hanya?
Ya ja layi, ya rubuta qaleghnISqa',
hannun bai yi rawa ba.

Sannan ya dube ni, ya tambaya
ko Annegret ta ce za ta zo yau.